8/9 ko 9/8? Yadda ake gina kalandar zaɓen rana a baƙin allo, da abin da ya haɗa ta da ambaliyar Haɗejia

Idan ka ga an rubuta 8/9/2022 a takarda, wace rana ce? Ɗan Najeriya zai ce 8 ga Satumba. Ba'amurke zai ce 9 ga Agusta, domin su wata suke fara rubutawa kafin rana. Ita kuwa kwamfuta, ya danganta da yadda aka saita ta, kuma sau da yawa a kan saitin Amurka ake barin ta tun ranar da aka saye ta.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu kwana 30 ne cif. A wani wurin wannan ba komai ba ne. Amma a fadamar Haɗejia, Agusta da Satumba su ne watannin da kogi ke cika yana batsewa, kuma kwana 30 a wannan lokaci ya isa ya raba tsakanin shinkafar da aka girbe da wadda ruwa ya cinye.

Ranaku nawa ne a shekara ke da irin wannan fuska biyu? Duk ranar da ba ta wuce 12 ga wata ba. Wata 12 sau kwana 12 ya ba mu 144. A cire guda 12 da ko an juya su ba sa canzawa, kamar 5/5 da 9/9, saura 132. Wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na ranakun shekara ana iya karanta su a juye ba tare da kowa ya lura ba.

Maganin da masu rubuta manhaja suka daɗe da samowa shi ne a hana mutum rubuta kwanan wata da hannunsa, a nuna masa kalanda ya zaɓa. Kowa ya san irin wannan kalanda a waya. A yau za mu duba yadda ake gina ta a inda babu hoto, babu taɓa fuska da yatsa, sai haruffa zalla.

Kogin da ake karantawa da kwanan wata

Kogin Haɗejia ya samo asali ne daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, kafin a iso Wudil. A kan kogin Kano akwai madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, a kan na Challawa kuma akwai madatsar Challawa ta 1992. Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da su. Daga Wudil ruwan yana gangarowa ta Ringim zuwa ƙasar Auyo da Haɗejia, sannan ya rarrabu cikin fadama. Wani ya bi Burum Gana, wani ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, ragowar ya haɗu da kogin Jama'are kafin Gashuwa, su zama kogin Yobe mai nufar tafkin Chadi.

Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, ga kachala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama, don haka ruwa ba ya wucewa da sauri. Cikar da aka gani a Wudil yau sai bayan kwanaki take isa Haɗejia. Waɗannan kwanaki su ne damar da mutane ke da ita ta ɗaga jinga, cika buhunan yashi, kwashe hatsi da dabbobi. Wanda ya ga ambaliyar 2010, 2018, 2020 ko 2022 a Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma ko Guri ya san darajar kwana ɗaya.

To ta yaya mai bincike zai san kwana nawa ruwan ke yi a hanya? Ta hanyar awo. A tashoshi irin na Wudil, Haɗejia da Gashuwa ana karanta tsayin ruwa a jikin sandar awo, a rubuta a littafi tare da ranar. Sai a nemo ranar da ruwa ya kai ƙololuwa a Wudil, a nemo ta Haɗejia, a ɗebe ɗaya daga ɗaya. A maimaita na shekaru masu yawa, a ga ko tazarar tana ƙaruwa ko tana raguwa. Duk wannan lissafi a kan kwanan wata ya tsaya. Hasashen ambaliya irin wanda hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara ma da tsofaffin bayanan awo yake dogara.

Matsalar tana yawan shigowa ne lokacin kwafe littafi zuwa kwamfuta. Idan Excel na kan saitin Amurka, ka buga 8/9, zai ɗauke ta 9 ga Agusta, shiru, babu gargaɗi. Ka buga 13/9, tunda babu wata na 13, sai ya bar ta a matsayin rubutu kawai. Sakamakon shi ne kwana 12 na farkon kowane wata su watse cikin wasu watanni, sauran su tsaya a inda suke. Ba masu nazarin ruwa kaɗai abin ya dama ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Genome Biology a 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalun da ya duba, masu ɗauke da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel, suna da sunayen da manhajar ta mayar kwanan wata, irin su SEPT2 da MARCH1. A 2020 sai da kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wa wasunsu suna saboda wannan.

Mene ne baƙin allo, kuma me ya sa har yanzu ake amfani da shi?

Taminal, ko baƙin allo kamar yadda ɗalibai ke kiran sa, taga ce a kwamfuta da ake rubuta umarni a ciki, ita ma kwamfutar ta amsa da rubutu. Idan ka taɓa tura kuɗi ko sayen kati ta hanyar danna lambobi masu tauraro a ƙaramar waya, ka ɗanɗani irinsa: tambaya a rubuce, amsa a rubuce.

Asalinsa na'ura ce mai zaman kanta, allo da madannai kawai, da ake haɗawa da babbar kwamfuta ta waya. Mafi shahara ita ce VT100 ta kamfanin DEC, wadda ta fito a 1978, mai layi 24, kowane layi gurbin harafi 80. Har gobe yawancin taminal na zamani halayenta suke kwaikwayo.

Amfaninsa a wuri irin namu a fili yake. Tsohuwar kwamfuta da ba ta iya ɗaukar manyan manhajoji tana ɗaukar sa ba wahala. Ba ya cin batir sosai. Kuma idan bayanan suna kan wata kwamfuta a Kano ko Dutse, kai kana Haɗejia da intanet mai zuwa yana ɗaukewa, za ka iya shiga ta hanyar SSH ka yi aikinka, domin haruffa ne kawai ke kai da komo. Allo ɗaya cike, 80 sau 24, haruffa 1,920 ne. Hoto ɗaya na waya ya ninka wannan sau ɗaruruwa.

Asirin aikin: a wurin kwamfuta rana lamba ce

Wanda ya fara koyon wannan aiki yakan ajiye abu uku: rana, wata, shekara. Daga nan wahala ke farawa. Kana kan 31 ga Agusta ka matsa gaba da kwana ɗaya, sai ka duba ko watan ya ƙare, ko shekarar ta ƙare, ko Fabrairu ne. Kowane motsi da tarin sharuɗɗa, kowane sharaɗi kuma ƙofar kuskure ne.

Hanyar da ta fi ita ce a ajiye lamba ɗaya tak: kwana nawa aka yi tun daga wata rana da aka tsayar a matsayin mafari. Tsarin Unix da Linux daga 1 ga Janairu 1970 suke fara ƙidayar lokacinsu, don haka bari mu ɗauke ta a matsayin rana ta 0. Ranar Alhamis ce.

Mu nemo lambar 8 ga Satumba 2022. Daga farkon 1970 zuwa farkon 2022 shekara 52 ne. 52 sau 365 ya ba da 18,980. A tsakani akwai shekaru 13 masu kwana 366, daga 1972 zuwa 2020, sai mu ƙara 13, ya zama 18,993. Daga 1 ga Janairu zuwa 1 ga Satumba kwana 243 ne, ya zama 19,236. Ƙara kwana 7, mun iso 19,243.

Da wannan lamba komai ya zo da sauƙi. Gobe ita ce lambar da ƙarin 1. Mako mai zuwa, ƙarin 7. Tazarar kwanaki tsakanin Wudil da Haɗejia, ɗebewa ce irin ta 'yan firamare. Har sunan ranar ma yana ciki: raba lambar da 7 ka duba ragowa. Ragowa 0 Alhamis ce, 1 Juma'a, 2 Asabar, 3 Lahadi, 4 Litinin, 5 Talata, 6 Laraba. 19,243 ta rabu da 7 ba ragowa, ke nan 8 ga Satumba 2022 Alhamis ce. Ita kuwa 9 ga Agusta lambarta 19,213, ragowarta 5, Talata ce.

Kun ga wani amfani a nan. Mutanenmu sun fi riƙe sunan rana fiye da lambarta. Mutum zai manta ko nawa ga wata ne, amma ba zai manta ranar kasuwar Maigatari ce ba, wato Alhamis. Kalandar da ke nuna sunan rana kusa da lamba tana ba mai shigar da bayani damar kama kuskure da kansa.

A aikace ba sai ka yi wannan lissafi da hannu ba. Harshen Python na da shi a shirye:

```
from datetime import date, timedelta
rana = date(2022, 9, 8)
print(rana - timedelta(days=30))
```

Amsar da zai buga ita ce 2022-08-09. Lura da tsarin: shekara, wata, rana. Wannan shi ne ƙa'idar ISO 8601 da aka fara fitarwa a 1988, kuma da shi ya kamata a adana kowane kwanan wata a fayil. Ba a karanta shi a juye, kuma idan ka jera shi kamar yadda ake jera kalmomi, ranakun da kansu za su bi juna daidai.

Zana wata da haruffa

Abin da mutum ke gani a allo fassarar waccan lamba ce kawai. Don zana wata, abu biyu ake bukata: ranar da watan ya kama, da yawan kwanakinsa. Satumba 2022 ya kama Alhamis, yana da kwana 30. Idan mako ya fara daga Lahadi, sai a bar gurbi huɗu fayau, a fara jero lambobi, duk bayan bakwai a sauka layi:

```
    Satumba 2022
Lh Li Ta Lr Al Ju As
             1  2  3
 4  5  6  7  8  9 10
11 12 13 14 15 16 17
18 19 20 21 22 23 24
25 26 27 28 29 30
```

Faɗin duka gurbi 20 ne: ranaku bakwai masu gurbi bibbiyu, da tazara shida. Fara mako daga Lahadi ya dace da sunayen kansu, domin Lahadi, Litinin, Talata, Laraba da Alhamis daga ƙidayar Larabci ta ɗaya zuwa biyar suka fito. Sai dai Hausa na da nata tarkon: Lahadi da Laraba duk da La suka fara, shi ya sa aka rubuta Lh da Lr. Haka Yuni da Yuli, Maris da Mayu, sai an kai harafi na uku suke rabuwa.

A tanadi layi shida na lambobi ko da yaushe. Yawancin watanni biyar suke ci, amma Yuli 2022 ya kama Juma'a yana da kwana 31, ya ci shida. Fabrairu 2015 kuwa huɗu kacal ya ci. Idan ba a tsayar da tsawon ba, duk abin da ke ƙasan kalandar zai riƙa tsalle sama da ƙasa idan an sauya wata.

Ya ake haska ranar da aka zaɓa? Akwai wani harafi da ba a gani, mai lamba 27, ana kiran sa ESC. Idan taminal ya gan shi, ya san abin da ke biye umarni ne. `ESC[2J` yana share allo. `ESC[4;13H` yana kai alƙalami layi na 4, gurbi na 13. `ESC[7m` yana juya launi, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, `ESC[0m` kuma ya mayar da komai yadda yake. Da waɗannan huɗu za ka iya zana kalandar gaba ɗaya, ka sa 8 ta fito fara tas a tsakanin 'yan'uwanta. Juya launi ya fi dogaro da ja ko kore, domin yana aiki a kowane allo, kuma mai matsalar bambance launuka yana ganin sa.

Akwai kayan aiki da ke ɗauke maka wannan nauyi, mai suna curses, wanda Ken Arnold ya rubuta a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, da magajinsa ncurses na 1993. Kyawunsa shi ne yana tuna abin da ke allo, ya aika abin da ya canza kawai. Ka matsa daga 8 zuwa 9, gurabe kaɗan ne za su bi waya. Ga mai intanet mai rarrafe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sauraron maɓalli

A al'ada taminal yana jira sai ka gama rubuta layi ka danna Enter kafin ya miƙa wa manhaja. Kalanda ba ta son haka, tana son jin kowane maɓalli nan take. Don haka manhajar kan sauya yanayin taminal idan ta fara, kuma wajibi ne ta mayar da shi idan za ta fita, ko da faɗuwa ta yi. In ba haka ba, mutum zai riƙa rubutu ba ya ganin abin da yake rubutawa.

Daga nan aikin zagaye ne mai mataki huɗu: zana wata, jira maɓalli, sauya lamba, koma farko. Kibiyar dama ƙarin 1, ta hagu ragin 1, ta ƙasa ƙarin 7, ta sama ragin 7. Enter na nufin an zaɓa, Esc na nufin an fasa.

Ga wani abin mamaki. Maɓallin kibiya ba harafi ɗaya yake aikawa ba, uku ne a jere. Kibiyar sama kan aika `ESC[A`, ta ƙasa `ESC[B`, ta dama `ESC[C`, ta hagu `ESC[D`. Shi kuma maɓallin Esc yana aika ESC shi kaɗai. To idan manhaja ta ga ESC, fasawa ake nufi ko farkon kibiya ce? Ba yadda za ta sani sai ta ɗan jira ta ga ko wani abu na biye. A ncurses jiran asali daƙiƙa ɗaya ne, kuma ana iya rage shi. Mai intanet mai ƙarfi yakan rage shi sosai don kada Esc ya yi nawa. Amma idan layinka na yankewa, haruffan uku na iya isowa a rarrabe, kibiya ta koma fasawa, kalanda ta rufe kana tsakiyar aiki. Dabara mai sauƙi ita ce a bar jiran da ɗan tsawo, a kuma ware wani harafi daban na fita.

Tarkuna huɗu

Na farko, shekara mai kwana 366, wadda malamai ke kira kabisa. Duniya na zagaya rana cikin kwana kusan 365.2422. Ƙa'idar ita ce: shekarar da ta rabu da 4 kabisa ce, sai dai idan ta rabu da 100, sai dai kuma idan ta rabu da 400. Shi ya sa 2000 kabisa ce, 1900 ba ita ba ce, 2100 ma ba za ta zama ba. Har yau Excel na ɗauke da 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, wadda ya gada daga Lotus 1-2-3. Wannan ƙa'ida ta zo ne da gyaran Fafaroma Gregory na 13 a 1582, lokacin da aka kwana 4 ga Oktoba aka tashi 15. Ingila sai 1752 ta bi. Buga `cal 9 1752` a Linux ka gani: daga 2 ga Satumba sai 14. Wannan giɓi bai shafi bayanan kogunanmu ba, tunda takardun mulki masu kwanan watan Boko a ƙasar Haɗejia na farkon ƙarni na 20 ne.

Na biyu, tsallake wata. Kana kan 31 ga Agusta ka danna PgDn don zuwa wata na gaba. Babu 31 ga Satumba. Wasu manhajoji sai su zarce 1 ga Oktoba, su tsallake Satumba ɗungurungum, wato watan ambaliya. Daidai shi ne a tsaya kan 30 ga Satumba, a kuma tuna cewa 31 mutumin ya fito, don idan ya ƙara dannawa ya sauka kan 31 ga Oktoba.

Na uku, agogo. Najeriya na gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya. Idan manhaja ta adana 8 ga Satumba a matsayin ƙarfe 12 na dare agogon Najeriya, wata kwamfuta ta karanta da UTC, za ta ga ƙarfe 11 na daren 7 ga wata. Duk bayananka sun ja baya da kwana ɗaya ke nan. Idan rana kawai ake bukata, a adana rana kawai, ban da awa.

Na huɗu, haruffanmu masu ƙugiya. A tsarin UTF-8, ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit biyu yake ci, amma gurbi ɗaya yake cikewa a allo. Haɗejia haruffa 7 ne, bayit 8. Manhajar da ke ƙirga bayit don daidaita rubutu a tsakiya za ta karkace duk inda ta haɗu da Haɗejia ko Zulƙida. A ƙirga gurbi, kuma a yi amfani da ncursesw, wato nau'in ncurses da ya san irin waɗannan haruffa.

Ina watan Musulunci da taurarin manoma?

Mai binciken da ya je ƙauye yana tambayar dattawa yaushe ruwa ya ci gari, da wuya a ce masa 8 ga Satumba. Za a ce cikin azumi, ko bayan Sallar Layya da mako biyu. Kalandar da aka gina don Haɗejia ya kamata ta nuna watan Hijira a ƙasan na Boko. A nan ma waccan lamba ɗaya ce ke ceto: 19,243 a fassara ta farko 8 ga Satumba 2022 ce, a ta biyu kuma wata rana ce cikin Safar na 1444.

Amma a yi hattara. Akwai lissafin Hijira na ƙa'ida, mai zagayen shekara 30, wanda 11 daga ciki ke da kwana 355, sauran 354. Akwai kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda manhajoji da yawa ke bi. Mu kuma a Najeriya sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar. Waɗannan uku na iya saɓawa da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Babu lissafin da zai faɗi abin da aka sanar a Sakkwato. Don haka manhaja ta riƙe jadawalin ranakun da aka sanar da kamawar wata, inda babu kuma ta nuna a fili cewa ƙiyasi ne.

Sannan ranar Hijira da magariba take kamawa. Idan dattijo ya ce jinga ta fashe daren Juma'a, yana nufin daren da aka wayi gari Juma'a, wanda a kalandar Boko Alhamis ce da dare. Kuma tunda shekarar Hijira ta gaza ta Boko da kusan kwana 11, cikin azumi ba ya nuna yanayi sai an san shekara. Azumin 2010 a Agusta da Satumba aka yi shi, cikin marka. Na 2022 kuwa a Afrilu, cikin zafin bazara.

Don wannan dalili manoma da malamai suka riƙe lissafi na uku, na taurari 28, bakwai ga kowane yanayi. Kowace tauraruwa kwana 13 take yi, ban da Jabha mai 14. 27 sau 13 ya ba da 351, a ƙara 14, ya zama 365. Wato lissafin rana ne, yana tafiya tare da damina. Saka shi cikin kalandar ba wuya: idan an tsayar da ranar da tauraruwar farko ke kamawa, sauran ƙidaya ce kawai.

Kafin a miƙa wa mai aiki

Kalanda mai kyau tana hana abin da ba zai yiwu ba. Awon ruwa ba ya zuwa daga gobe, don haka kada ta yarda a zaɓi ranar da ba ta zo ba, ko ranar da ta gabaci kafa tashar. Bayan an adana awon yau, ta buɗe kan rana ta gaba da kanta, domin mai kwafe littafi a jere yake tafiya. Ta ba da hanyar tsallakawa shekara kai tsaye, kada mai neman 1985 ya danna maɓalli sau ɗaruruwa. Kafin ta adana, ta rubuta ranar da kalmomi, Alhamis, 8 ga Satumba 2022, mutum ya tabbatar. Ta kuma bar hanyar rubuta 2022-09-08 kai tsaye, saboda masu sauri da kuma makafi, waɗanda manhajar karanta allo ba ta jin daɗin karanta musu jadawalin lambobi.

Akwai abin da ya fi ƙarfinta. Idan mai awo bai je bakin kogi ba, ko ruwa ya tafi da sandar, kalanda ba za ta ƙirƙiro awon ba, kuma ranar da babu awo a bar ta fayau, kada a cike ta da sifili. Haka nan a ƙasashe da dama ruwan saman da aka auna da safe a kan ranar jiya ake rubuta shi, tunda yawancinsa jiya ya zuba. Wannan shawara ce ta mutane, dole a yanke ta a rubuta kafin a fara shigar da komai.

Ga ɗalibin kwamfuta a Binyaminu Usman Polytechnic da ke Haɗejia ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wannan aiki ne da za a iya gamawa cikin 'yan kwanaki da Python da tsohuwar kwamfuta. Idan ka gama, gwada ta da waɗannan: matsa gaba daga 28 ga Fabrairu a 1900, 2000, 2023 da 2024; matsa gaba daga 31 ga Disamba; tsallaka wata daga 31 ga Janairu da 31 ga Agusta; buɗe Yuli 2022 ka ƙirga layuka; matse tagar ta koma ƙarama; sannan ka katse intanet kana tsakiyar zaɓe ka ga halin da za ta bar taminal a ciki. Idan ta tsallake duka, nemi wanda ke riƙe da littafin awo ko na ruwan sama a kusa da kai, ka zauna gefensa ya shigar da wata guda, kai kuma ka yi shiru kana lura da inda hannunsa ke tsayawa.